Mayafin Hanji

A Tagris, ranar Babbar Salla, ba a jimawa da saukowa daga Idi sai gari ya koma mahauta. Kowace ƙofar gida da ragonta a kwance, yara sun danne ƙafafu, manya suna fiɗa. Can gefe an jibge itacen da za a hura wuta, domin a ƙasarmu ba a daddatsa ragon layya ran farko. Buɗe shi ake yi, a soke shi da sanduna biyu a gicciye, a jingina shi daura da wuta ya wuni yana shan zafi, sai washegari a raba. Abin da ake ci ran Salla kayan ciki ne. Shi ya sa yaron da ya tashi a nan yakan san cikin rago tun kafin ya iya wanke allonsa.

Wata shekara na tsuguna kusa da wani dattijon mahauci, maƙwabcinmu, yana yi mana fiɗa. Ya juya kaifin wuƙa sama, ya sa yatsu biyu a ƙarƙashinta suna yi mata jagora don kada ta huda tumbi, ya ja tun daga ƙirji har mara. Da ciki ya buɗe, abin da ido ya fara cin karo da shi wani farin abu ne shimfiɗe, ya lulluɓe tumbi da hanji ruf. Dattijon ya sa hannu biyu ya ɗago shi a hankali, ya ɗaga sama yana dubawa ta hasken rana. Kamar koma ce da aka saƙa da farin zare mai kauri, tsakanin zare da zare kuma wani siririn tantani da kana hango inuwar mutum ta cikinsa. Ga ɗumi, ga santsi, yana bin hannu. A gefe guda wata 'yar jaka na reto, cike da ruwa garai-garai, girmanta bai wuce ƙwan kaza ba, da wani farin ɗigo a ciki. Ya tsinke ta da farce ya wurga wa karen da ke zaune yana jira, kare ya cafe tun ba ta taɓa ƙasa ba. Sannan ya rataye farin abin a kan sanda. Kafin mata su gama wanke hanji ya sandare, ya yi fari fat kamar kyandir.

Na ce, “Baba, mene ne sunan wannan?”

Ya ce, “Kitse ne mana, ɗana.”

“To, na jikin ƙoda fa?”

“Shi ma kitse. Amma wannan shi ne kitsen ciki. In kana son ka san ko rago ya ci ya ƙoshi a hannun mai shi, kada ka dubi ƙaho, wannan za ka duba.”

Amsar ta daɗe tana yi mini yawo a kai. Bahaushe ba matalauci ba ne wajen sunayen kayan ciki. Tumbi, hanji, hanta, saifa, ƙoda, huhu, madaciya, mafitsara, kowanne da sunan yankansa, ba ya aron na wani. Ita kanta kalmar ciki mun ɗora mata kaya fiye da kowace gaɓa: farin ciki, baƙin ciki, zurfin ciki, waɗanda suka fito ciki ɗaya, har muka ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Amma abin da ke buɗe maka ƙofa idan ka shiga cikin, wanda ya fi kowanne faɗi, sai muka haɗa shi da na ƙoda da na gadon baya muka kira su da suna guda. Dalilin a fili yake. Inda ka haɗu da abu, nan kake raɗa masa suna. Mu a kan tiren mahauci muka haɗu da shi, ya riga ya huce, jini ya tsiyaye daga jikinsa, abin da ya rage masa shi ne ya shiga tukunya ya narke a soya naman da zai kai watanni. Sunan da muka ba shi sunan gawarsa ne.

Ban gane haka ba sai da na ga na kare.

Tagris tana arewacin jihar Maraɗi, cikin gundumar Dakoro, a yankin da gonar hatsi ke ƙarewa makiyaya ta fara, inda Hausawa da Fulani da Buzaye ke shan rijiya ɗaya. Wata kaka ina bakin wata rijiya ana shayar da shanu, sai wata jar saniya mai sabon maraƙi ta kai wa karen makiyayi suka. Irin dogayen karnukan nan ne masu siririn ƙugu da zurfin ƙirji, waɗanda Turawa suka sa wa sunan kwarin Azawak. Ƙahon ya same shi a kwiɓi, ƙasa da haƙarƙari. Ya yi ƙara ɗaya, ya ja jiki ya kwanta a gindin aduwa yana haki. Ramin bai fi faɗin yatsu biyu ba, amma wani abu ya leƙo ta cikinsa, tsawon tafin hannu, fari da ratsin ja, rairayi ya manne masa. Ɗan makiyayin, wanda bai wuce shekara goma sha biyu ba, ya zaro wuƙa. Ya ce kitse ne ya fito, bari ya yanke ya huta da shi.

Allah ya sa mai allurar dabbobi na wurin, ya zo yi wa garken rigakafi. Ya daka masa tsawa: “Kai yaro, mayar da wuƙar nan kube! Matso ka gani. Ka taɓa ganin kitse yana tsattsafo da jini haka?” Ni ma na matsa. Cikin kowane farin zare akwai wani jan zare siriri, inda ya ƙuje kuma jini na fitowa ɗis-ɗis. Mutumin ya sa aka tafasa ruwa da ɗan gishiri aka bari ya huce, aka ɗaure bakin karen, uban yaron ya danne shi. Ya wanke wurin, ya ɗaure gindin ɓangaren da ya ɓaci da zare mai tsabta tamau, sannan ya datse, ya mayar da sauran ciki, ya ɗinke. Yana wanke hannu ya ce wa makiyayin, “Malam, ka gode wa Allah ƙahon bai taɓa hanji ba. Wannan abin kuma shi ya toshe ramin. Ba don shi ba, da hanji za ka tarar a ƙasa.” Bayan 'yan makonni na ga karen yana bin bayan garke, da tabo a kwiɓi.

Bahaushe ya ce ana yi wa rogo kallon kitse. Mu kuwa gaɓa ce mai rai muka yi wa kallon kitse.

Ba abin mamaki ba ne da ba mu san cikin kare ba. Ba a yanka shi, ba a feɗe shi, in ya mutu a ja shi bayan gari. Muna zaune da shi, yana gadin garke, yana raka mafarauci, mazhabar Malikiyya da muke bi ma ba ta ɗauke shi najasa ba, amma da sunansa muke zagi. A makarantun likitancin dabbobi kuwa, irin ta Dakar da aka kafa a 1968 wadda ta horar da likitocin dabbobin Nijar da yawa, ko ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kare na cikin dabbobin da ɗalibi ke koyon ƙirar jiki a kansu. Akwai littafi sukutum a kan ƙirar jikin kare kaɗai, na Malcolm Miller na Jami'ar Cornell a Amurka, wanda ya fara fitowa a 1964, har yau kuma ana sabunta shi. Abin da muka kau da kai daga gare shi, wasu sun ƙare rayuwarsu suna bin sa jijiya bayan jijiya.

Ga yadda abin yake a cikin kare. Tumbinsa ɗaya ne, ba huɗu ba irin na rago, kuma a lanƙwashe yake kamar lauje, da gajeren gefe a ciki da dogon gefe a waje. Daga dogon gefen nan tantanin ke tasowa. Ya bi ƙasan ciki, tsakanin hanji da fatar ciki, ya miƙe har ya kai mafitsara. Da ya kai nan sai ya naɗo, ya dawo ta saman kansa, ya wuce tumbi ta baya ya je ya kama can sama wajen gadon baya. Wato zane ne aka ninka biyu, shafi na waje da shafi na ciki, tsakaninsu kuma aljihu ne wanda babu kome a cikinsa, bangon nan na taɓa bangon can. Aljihun ƙofa ɗaya gare shi, wata 'yar kafa kusa da hanta, tsakanin manyan jijiyoyi biyu: wadda ke kai jinin hanji ga hanta, da wadda ke mayar da jinin bayan jiki ga zuciya. Saifa a jikin shafin waje take rataye ta hagu. Reshen hagu na fankiriyas, wato gaɓar nan mai laushi da ke fitar da insulin, a cikin shafin ciki yake kwance. Akwai kuma ƙaramin ɗan'uwansa da ya haɗa gajeren gefen tumbi da hanta, amma shi ba ya zuwa ko'ina.

Hanyar jininsa ce ta fi ɗaukar hankalina. Babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya ta bi gadon baya, da ta ratsa shamakin da ya raba ƙirji da ciki, sai ta fitar da wani gajeren reshe mai kauri. Reshen nan ya rabu uku: ɗaya ya nufi hanta, ɗaya tumbi, ɗaya saifa. Daga na hanta wata jijiya ta gangaro mahaɗar tumbi da hanji, ta karkata ta bi dogon gefen tumbi ta dama. Daga na saifa wata ta taso ta bi gefen nan dai ta hagu. Suna tafe suna tafe har su haɗu, baki da baki, su zama hanya ɗaya mai mashiga biyu. Daga wannan hanya ƙananan rassa ke saukowa cikin tantanin, kamar jijiyoyin ceɗiya da ke zubowa daga reshe, shafin ciki kuma yana samun nasa rabon daga rassan jijiyar saifa. Duk wanda ya zauna a garin da rijiya ɗaya ce ya san darajar wannan tsari. Ranar da guga ya faɗa ko bakin rijiya ya rufta, gari ya shiga uku. Shi wannan rijiya biyu gare shi, in an toshe ta dama ta hagu ta shayar da shi. Jinin da ya gama aiki kuma ba ya komawa zuciya kai tsaye, sai ya bi ta hanta an tace shi.

Farin zaren da na gani a hannun dattijon mahauci, ashe riga ce. Kitsen bin jijiyoyin jini yake yi yana taruwa a gefensu, inda babu jijiya sai a bar tantani tsirara. Saƙar da ido ke gani taswirar hanyoyin jini ce. Mun kira abin da sunan rigarsa, mun manta da mai rigar.

A nan ma harshenmu ya yi rowa. Jijiya muke ce wa mai kai jini, jijiya mai maido da shi, jijiya wadda ke kai saƙon zafi ga ƙwaƙwalwa, jijiya mai taurin nan ta agara, har ta itace jijiya ce. Ina son kalmar, domin ta ga abin da ya haɗa su, duk igiyoyi ne da rai ke bi. Amma ranar da malamin asibiti zai yi wa majinyaci bayani, dole ya ƙara mata wutsiya, ya ce mai kaiwa ko mai maidowa, in ba haka ba ya bar shi cikin duhu.

Sauran al'ummu kowa da inda ya tsaya ya kalli abin. Girkawa sun ce masa epiploon, ma'ana abin da ke yawo a bisa, kamar yadda kwalekwale ke yawo a kan ruwa, domin sun gan shi kwance a kan hanji bai kama su ba. Kalmar ce Faransanci ya gada, ita ce kuma ɗalibin likita a Yamai ke haddacewa. Rumawa suka ce omentum, Ingilishi ya ɗauka. Arisṭo yana ganin aikinsa ɗumama tumbi ne don abinci ya narke. Jalinusu, wanda ya yi wa 'yan wasan takobi magani a birnin Fargamum a ƙarni na 2, ya ba da labarin wani da aka soka a ciki, ya yanke masa mafi yawan tantanin, mutumin ya warke amma ya rayu yana jin sanyin ciki, kullum sai ya naɗe shi da ulu. A wurinsu ke nan bargo ne.

A 1906 wani likitan tiyata na Ingila, Rutherford Morison, ya kira shi ɗan sandan ciki, sunan kuma ya bi shi har yau. Abin da ya gani gaskiya ne. In ka buɗe cikin da wani wuri ya ruɓe ko ya huje, sau da yawa za ka tarar tantanin ya riga ka zuwa, ya naɗe wurin, ya killace mugunya don kada ta bazu. Amma ni sunan bai kwanta mini ba. Ɗan sanda kiransa ake yi, ya taso daga bariki, ya zo ya kama mai laifi ya tafi. Shi wannan ba shi da ƙafa, ba shi da tsokar da zai motsa kansa. Motsin hanji da numfashi ne ke kaɗa shi yau da gobe, yana shafar ko'ina, sai ya iso inda ke ciwo ya manne, domin wurin da ya kumbura yana fitar da wani abu mai danƙo. Da ya manne kuma ba ya tafiya. Sababbin ƙananan jijiyoyi ke tsirowa daga jikinsa su shiga naman da ya ji rauni su kai masa jini. A jikinsa akwai wasu fararen ɗige-ɗige da Louis Ranvier na Faransa ya siffanta a 1874, ya kira su ɗigon madara. Tarin fararen ƙwayoyin jini ne da ke cinye ƙwayoyin cuta da duk wani baƙon abu da ya shigo ciki. Wanda ya rufe ka, ya shayar da kai, ya zauna tare da kai har ka warke, wannan ai ya fi kama da uwa.

Likitoci sun koyi aron hannunsa. A 1937 Roscoe Graham na Toronto ya bayyana yadda ake toshe hujin gyambon ciki da ɗan yankin tantanin nan, a ɗora a kan ramin a ɗaure da zare. Har yau da wannan dabara ake ceton mutanen da gyambo ya huda wa ciki, a manyan asibitoci da ƙanana. A wajen kare abin ya ma fi haka. A 1993 likitocin dabbobi biyu, Ross da Pardo, sun nuna cewa in aka kwance shafin ciki aka warware ninkin, sannan aka tsaga shi ta yadda jijiya ɗaya za ta ci gaba da shayar da shi, zai yi tsawon da za a ja shi ta ƙarƙashin fata a kai shi wurare masu nisa a jikin karen, a shimfiɗa a kan gyambon da ya ƙi warkewa. Rijiya biyun nan ce ta sa hakan ya yiwu. A 1995 kuma White da Williams suka bayyana yadda ake cusa shi cikin ƙurjin da ke fitowa a gaɓar nan ta wuyan mafitsarar namijin kare, ya tsotse mugunya daga ciki.

Sai dai sunan da ya fi taɓa ni yana kusa da mu, a cikin littafin da ake karanta mana kowane azumi. Larabawa suna ce masa sarbu, da harafin sa mai ɗigo uku, jam'insa surubu. Kalmar ta yi tafiya: lokacin da aka juya littattafan likitancin Larabci zuwa Latin, sai ta zama zirbus, likitocin Turai suka yi ƙarnoni suna amfani da ita. A aya ta 146 ta Suratul An'am an ambaci kitsen shanu da na tumaki da aka haramta wa Yahudawa, aka togace na gadon baya da na jikin hanji da wanda ya cakuɗe da ƙashi. Tafsirin Jalalaini ya fayyace cewa wanda aka haramta ɗin shi ne surubu da kitsen ƙoda. Wannan ɓangare na tafsirin kuwa Imam Suyuɗi ne ya rubuta shi, wanda ya rasu a 1505, mutumin da ya aiko da wasiƙar nasiha ga sarakunan Katsina da Agadas, garuruwa biyun da yankinmu ke tsakaninsu. Sau nawa na zauna a tafsiri aka zo wurin nan, mai fassara ya ce kitsen ciki, muka gyaɗa kai aka wuce, ba tare da na san farin abin nan ne da ake ratayewa a sanda ran Salla ba.

Akwai abin da ya fi wannan. A Suratu Yusuf, aya ta 92, sa'ad da 'yan'uwansa suka tsaya gabansa sun gane shi, sun amsa laifinsu, kalmar da Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya kore daga kansu ita ce tasribi. Mukan fassara ta da zargi, ko gori. Zamakhshari, wanda ya rasu a 1144, ya yi bayani a cikin tafsirinsa Kashshaf cewa daga sarbu aka samo ta, ma'anarta kuma cire sarbu ne, domin dabbar da wannan kitse ya ƙare mata ta kai maƙurar rama, sai aka buga misali da haka ga zargin da ke yaga mutunci. Mutumin Dakoro ba ya buƙatar a yi masa dogon sharhi a nan. Waɗanda suka ga farin 1984, da waɗanda suka feɗe shanun da yunwa ta kayar a 2010, sun san yadda cikin irin wannan dabba yake: ka buɗe ka tarar da tantani tsirara kamar jiƙaƙƙiyar takarda, babu farin zare ko ɗaya, hanji a fili. Dattijon mahaucinmu bai karanta Kashshaf ba, amma abin da ya gaya mini ke nan, in kana son sanin halin da dabba ta rayu a ciki, nan za ka duba. Ashe mai yi wa ɗan'uwansa gori fiɗa yake yi masa da rai, yana yaye abin da ya rufe masa hanji.

Ta ɗaya gefen kuma, gafara da muka aro daga Larabci tushenta rufewa ne. Daga tushen nan aka samo sunan kwalkwalin da mayaƙi ke rufe kai da shi. Sutura ma haka, ita ce tufafin mai rai, ita ce kuma ta mamaci. Mu da kanmu in za mu yi wa mutum addu'ar da ta fi kowace, sai mu ce Allah ya rufa asiri. Sannan ga yafa da yafe, maƙwabtan juna a kunnen Bahaushe: mace ta yafa mayafi, mutum ya yafe wa ɗan'uwansa. Harsuna biyu, kowanne ta hanyarsa, sun ajiye rufewa kusa da jinƙai.

Saboda haka ni dai mayafin hanji nake kiransa, kuma ina roƙon malaman makaranta da masu shirin lafiya a gidajen rediyon Maraɗi da Katsina da Kano su gwada kalmar a bakinsu su ji. Mayafi ba ɗinka shi ake yi a jiki ba, yafa shi ake yi, gefe ɗaya a kama sauran na reto, kuma haka abin yake a kan hanji. Mayafi ake cirewa a ɗaure wa wanda ya ji ciwo a hanya, a lulluɓe jariri, a tare wa mara lafiya rana. Kitse ya ci gaba da zama sunansa a kasuwa da tukunya, ba mai hana mahauci cinikinsa. Amma mai rai yana buƙatar nasa sunan, don suna yana jan hannu. Yaron bakin rijiya ba mugu ba ne, son karensa yake yi. Kalmar ce ta gaya masa abin da ya leƙo ba shi da amfani. Da ya san mayafi ne mai jijiyoyin jini, da bai yi saurin zaro wuƙa ba. Abin da ake so ga dabba ko mutumin da aka soka a ciki wani abu ya leƙo shi ne kada a ja, kada a yanke, kada a tura da ƙazamin hannu. A rufe da tsumma mai tsabta da aka jiƙa da dafaffen ruwa, a nemi likita da gaggawa, domin ba kowa ne ke dacewa ƙaho ko wuƙa su kauce wa hanji ba.

Saura 'yar jakar ruwan nan da dattijo ya wurga wa kare. Na daɗe ina ɗaukarta ruwa ne kawai ya taru. Ashe ɗiyar tsila ce, tsutsar cikin nan mai faɗi gaɓa-gaɓa, irin wadda likitoci ke kira Taenia hydatigena, farin ɗigon da ke ciki kuma kanta ne. In kare ya haɗiye ta, kan ya maƙale a hanjinsa, ta girma har ta wuce mita guda, cikin wata biyu ta fara zubar da ƙwai a kashinsa. Ƙwan ya zauna a ciyawa, tunkiya ko akuya ta ci. 'Ya'yan tsutsar su huda hanji su bi jini su shiga hanta, su yi makonni suna ratsa ta suna barin sawu, in sun yi yawa ma su kashe ɗan rago. Daga nan su fito su rataye a jikin mayafin, su zama jakar ruwa, suna jiran ranar yanka da hannun da zai miƙa su ga kare. Tsakanin cikin karen Tagris da mayafin ragon Tagris akwai hanya, kuma mu ne muke share ta kowace Salla da kowace ranar kasuwa, da kyakkyawar niyya.

Mahauta da masu fiɗar layya, don Allah in kun ga jakar nan a jikin kitsen ciki ko a hanta, kada ku ba kare. Ku yanke masa tsoka mai kyau ku ba shi, ya cancanta, masu karnuka kuma su riƙa karɓo musu maganin tsutsa wurin mai allurar dabbobi. Ita kuwa jakar, ga wutar gashin rago nan tana ci a gefenku, ku jefa ta ciki.